Waiwaye: Masu jinyar ƙwaƙwalwa a Kano da nauyin da suka gada

A Kano in aka ce wa mutum "sai an kai ka Dawanau", kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba, asibitin masu taɓin hankali ne. Zolayar ba ta tsaya kan marasa lafiya ba, har ma'aikatan jinya da likitocin da ke kwana da su ta shafa. Sau nawa muka ji ana cewa wai duk wanda ya daɗe a wannan aiki shi ma sai ya ɗan taɓu?

Wannan kallo yana da asali. A 1916 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar mahaukata, aka sabunta ta a 1958. Manufarta a tsare mutum, a raba shi da jama'a, don haka mai kula da shi ya fi kama da gandiroba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro ta Abeokuta, inda maras lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsa yana karɓar magani. Duk da haka tsohuwar dokar ta ci gaba da aiki, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwa.

Kafin nan kaya sun riga sun yi wa ma'aikatan yawa. Kodin da tiramol sun ci matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018 bayan binciken BBC. Ƙididdigar 2018 ta UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ce mutum miliyan 14.3 ke shan ƙwayoyi a Najeriya. A 2019, bayan an bankaɗo wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake tsare mutane ana ɗaure su da mari, aka shiga rufe gidajen mari, har da na Kano. Rufewar daidai ce, amma iyayen da suka rasa inda za su kai 'ya'yansu asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano suka nufa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba, kuma ana ta tafiya Saudiyya da Ingila.

Wanda ya zauna shi ke ɗaukar ragowar. Ma'aikaciyar jinya za ta kwana a tsaye, ta lallashi wanda ya ƙi shan magani, wani lokacin ta sha mari daga wanda bai san ya yi ba, gari ya waye ta tarar dangin wani sun sulale sun bar mata shi. Ta koma gida ga girki ga yara, barci ya ƙi zuwa. Abin da ta gani ba ta da ikon faɗa ko da wa mijinta, domin sirrin maras lafiya amana ce.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da damuwa ta kama ita kanta. Likitan da za ta gani shugabanta ne a wurin aiki, mai ciro katin kuma tare suke gaisawa kullum da safe. Sai ta ce ciwon kai ne, ta sha farasitamol, ta koma aikin dare.