Sayen dokin farko ga wanda ya fara koyon hawa da girmansa

Sayen dokin farko mataki ne da mai koyon hawa yake ɗauka bayan ya saba da sirdi da linzami a kan dawakan aro ko na haya. Ga wanda ya fara da girmansa akwai abin lura na musamman: jikin babba bai kai na yaro laushi ba, faɗuwa ta fi yi masa illa, kuma tsoro ya fi saurin kama shi. Saboda haka masana hawa suka fi ba da shawarar a fara neman mai koyarwa, shi kuma ya taya zaɓen dokin.

Tarihi

Shawarar yadda ake sayen doki tsohuwa ce ƙwarai. Zenofon, sojan nan kuma marubucin ƙasar Girka, ya yi rubutu a kanta wajen tsakiyar ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma ya buɗe ne da yadda mai saye zai kauce wa cuta. Ya ce a fara duba kofato, domin gida komai kyan samansa ba shi da amfani in harsashinsa ba shi da ƙarfi, haka ma doki. Ya so mai saye ya ga da idonsa yadda dokin yake karɓar linzami da yadda yake tsayawa a hau shi, ya kuma duba haƙoransa don sanin shekarunsa. Har batun mai horarwa ya taɓo, inda ya ce wanda zai ba da duƙushi horo ya rubuta yarjejeniyar abin da ake so dokin ya iya kafin a maido shi. Kusan duk waɗannan ana bin su har yau.

Irin dokin da ya dace

Hali shi ne kan gaba. Ana neman doki mai sanyin hali, wanda ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya tutsu ko taɓarya, kuma ba ya firgita da ƙaramin motsi. Galibi an fi son dandaƙaƙƙen doki ko goɗiya mai natsuwa. Ingarma kuwa sai gwani. Babban kuskuren sabon shiga shi ne sayen ƙaramin doki marar horo da niyyar su koya tare, alhali ba wanda zai gyara wa wani a cikinsu. Doki kan rayu shekara 25 zuwa 30, don haka mai shekara 10 zuwa 15 da ya sha hawa yana da sauran aiki mai yawa a gabansa.

Ana ƙiyasta shekaru daga haƙoran gaba. Haƙoran nono suna fara faɗuwa wajen shekara biyu da rabi, bakin kuma ya cika da manyan haƙora wajen shekara 5. Wani tsagi da ake kira da sunan Galvayne yana bayyana a haƙorin gefe na sama wajen shekara 10. Ƙiyasin yana rage tabbas yayin da dokin yake tsufa.

Ana auna tsayin doki da ma'aunin "hannu", wato inci 4 ko santimita 10.16, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Akwai ƙa'idar da ake yawan ambata cewa nauyin mahayi da sirdi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin, ko da yake ana saɓani a kanta.

Gwaji kafin biya

Mai dokin ne ya kamata ya fara hawa a gaban mai saye, sannan mai koyarwa, sannan shi mai sayen. Yana da kyau a iske dokin a barga tun ba a ɗaura masa sirdi ba, a ga yadda ake kama shi. Bayan haka likitan dabbobi, wanda ba na mai sayarwa ba, ya duba idanu da zuciya da numfashi da ƙafafu, ya sa a yi sassarfa da dokin a ƙasa mai tauri don gano ɗingishi. A Birtaniya cikakken wannan bincike yana da matakai 5.

Mai koyarwa

Koyar da mutum hawa daban ne da horar da doki, kuma ba kowa ya iya duka biyun ba. A wasu ƙasashe akwai takardar shaidar koyarwa, irin wadda ƙungiyar dawaki ta Birtaniya, British Horse Society, da aka kafa a 1947, take bayarwa. Inda babu irin wannan, sai a je a kalli darasinsa: lafiyar dawakansa, haƙurinsa da mai tsoro, da ko yana tilasta sa hular kwano. Idan yana karɓar la'ada a cinikin dokin, mai saye ya san da haka tun farko.

Ɗawainiya

Kuɗin saye shi ne ƙaramin ɓangare. Doki yana cin ciyawa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, yana shan ruwa lita 20 zuwa 40, ana gyara masa kofato duk mako 6 zuwa 8, ga rigakafi da maganin tsutsar ciki.