Farauta a tafkin Tabalak: me doka ta halatta?

Da sanyin hunturu ya kama, tsuntsayen ruwa kan cika tafkin Tabalak da na Dan Dutsi a jihar Tawa. Akwai ƴan gida irin su kirinjijiya da ɗinya, akwai kuma baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai. Mai bindiga sai ya ga nama ne Allah ya kawo har ƙofa. To, doka ba haka ta gani ba.

Dokar farauta ta Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998. Tushenta ɗaya ne: ba mai farauta sai da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Takardar mallakar bindiga daban, ta farauta daban. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Kuma ko da izini a aljihu, sai cikin lokacin da minista ya buɗe.

Maharban gado ba a manta da su ba. Dokar ta amince da farautar gargajiya, wato mutum ya nemi na miya a dajin garinsu da kayan kaka da kakanni. Amma na ci ne, ba na kasuwa ba. Wanda ya cika buhu da zabin daji ya nufi tasha ya fita daga wannan rumfar, ko da ubansa ne sarkin baka.

Sai hanyoyin da aka haramta wa kowa: farautar dare, da fitila ko babu, bin dabba da mota ko babur, guba, nakiya da makaman yaƙi, cinna wa daji wuta don koro nama. A ganina maganar guba ta fi muni. Hatsin da aka barbaɗa wa magani a bakin tafki ba ya zaɓen baki, ga shi ruwan nan shanu ke sha, masunta ke jefa koma cikinsa.

Wasu dabbobin kuwa ba takardar farautar da za ta halatta harbinsu: raƙumin dawa, giwa, dorina, ayu, jimina, gauraka. Haka gandun namun daji na W, wanda aka keɓe tun 1954, ba a farauta cikinsa sam. In aka kama mutum, za a ƙwace makami da naman, sannan tara ko kurkuku su biyo baya.