Tambayoyi da amsoshi kan makomar mai ƙarin nuro-endokirin

Wane irin ƙari ne wannan, kuma me ya sa likitoci ba sa ba da amsa guda kan tsawon lokacin da za a rayu da shi?

A cikin hanji da huhu da fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi wadda ke samar da insulin, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu sakin sinadaran homon cikin jini, kuma daga gare su wannan ƙari yake tasowa. Suna ɗaya ne ya haɗa su, amma halinsu ya sha bamban ƙwarai, domin akwai wanda zai yi shekaru bai motsa ba, akwai kuma wanda zai bazu cikin 'yan watanni. Steve Jobs na kamfanin Apple an gano nasa a fankiriyas a 2003, ya kuma rayu har 2011, abin da ba kasafai yake faruwa ga mai sankarar fankiriyas da aka saba gani ba.

To mene ne abu na farko da ake dubawa?

Shi ne abin da likitan ɗakin gwaji ya gani bayan an ɗebo ɗan yanki na ƙarin an sa shi ƙarƙashin madubi. Abubuwa biyu yake nema. Na farko, ko ƙwayoyin suna nan da kamannin waɗanda suka fito daga gare su, ko kuwa sun rikiɗe har ba a gane asalinsu. Na biyu, saurin rarrabuwarsu, wanda ake aunawa da gwajin Ki-67: ana shafa wani rini da ke kama ƙwayoyin da ke cikin aikin haihuwar wasu, su yi launin ƙasa-ƙasa, sannan a ƙirga su. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari mataki na ɗaya ne, daga 3 zuwa 20 mataki na biyu, abin da ya haura 20 kuma mataki na uku. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017 kan bayanan dubban marasa lafiya a Amurka ya nuna cewa rabin masu mataki na ɗaya sun wuce shekara 16 a raye, alhali rabin waɗanda ƙwayoyinsu suka rikiɗe ba su wuce kamar wata 10 ba. A ganina, duk iyalin da aka ce musu ɗan'uwansu yana da wannan ƙari, takardar da ya fi kamata su nema ita ce wannan, kuma idan ba a rubuta adadin Ki-67 a ciki ba, haƙƙinsu ne su tambaya.

Idan ya riga ya kai hanta fa, shi ke nan?

Ba shi ke nan ba, ko da yake bazuwa tana da nauyi. Binciken da aka ambata ya nuna cewa waɗanda aka gano nasu yana wuri guda, rabinsu sun haura shekara 30 a raye bayan ganowar, waɗanda nasu ya kai kaluluwar da ke kusa kuma kamar shekara 10. Sai dai mai ƙarin ƙaramin hanji na mataki na ɗaya yakan yi shekaru ko da ya kai hanta, musamman idan ɓangaren hantar da ya ci kaɗan ne ko kuma ana iya cire shi da tiyata.

Wurin da ya fara yana da tasiri?

Ƙwarai kuwa. Na afendis, wato ɗan reshen nan da ke manne da babban hanji, da na dubura su suka fi sauƙi, na fankiriyas kuma ya fi tsanani. Sau da yawa na afendis ba a san da shi ba sai bayan an yi wa mutum tiyatar gaggawa, kuma idan bai kai santimita ɗaya ba, cirewar nan takan wadatar. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a zubar da abin da aka cire ba tare da an aika shi gwaji ba.

Homon ɗin da ƙarin ke saki yana rage tsawon rai?

Yana iya ragewa. Wasu, galibi bayan sun kai hanta, suna zubo sinadarin serotonin da yawa, sai mutum ya riƙa gudawa kullum, fuskarsa tana ɗaukar zafi tana ja. Idan aka daɗe a haka, ƙofofin ɓangaren dama na zuciya sukan yi kauri su daina rufuwa yadda ya kamata, kuma wannan da kansa yana kashewa, shi ya sa ake duba zuciyar irin waɗannan marasa lafiya a kai a kai. Akwai kuma gwajin jini na kiromogiranin A da ake bibiya da shi, amma magungunan olsa irin su omeprazole suna ɗaga shi ko da babu ƙari, don haka dole a faɗa wa likita idan ana shan su.

Magani yana sauya waɗannan alƙaluma?

Yana sauyawa, kuma a nan ne ya kamata a karanta su da hankali, domin yawancin mutanen da aka ƙirga an yi musu magani ne kafin sababbin hanyoyi su samu. A 2009 wani gwajin magani kan marasa lafiya mai suna PROMID ya nuna cewa allurar octreotide ta wata-wata ta jinkirta ci gaban ƙarin hanji daga wata 6 zuwa sama da wata 14. A gwajin NETTER-1 na 2017 kuma, maganin lutetium-177, wanda ke ɗauke da tururin nukiliya zuwa cikin ƙarin, ya sa kashi 65 cikin ɗari ba su ga ci gaban cutar ba bayan wata 20, saɓanin kashi 11 a rukunin da ba a ba wannan magani ba. Magungunan biyu suna aiki ne idan ƙwayoyin ƙarin suna da mashigar somatostatin a jikinsu, wato wurin da wani homon mai wannan suna ke maƙalewa, abin da hoton PET na gallium-68 ke bayyanawa, kuma samun wannan mashiga da yawa alama ce mai kyau. Waɗanda ƙwayoyinsu suka rikiɗe galibi ba su da ita, sai a koma ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, mai ɗauke da platinum da etoposide.