Tallafin FEMA ba ya taɓa kuɗin SSI, sai dai a kula da asusun banki

Duk sanda bala'i ya afka wa wani yanki na Amurka, sai jita-jita ta biyo baya: wai mai karɓar SSI, wato kuɗin wata-wata na masu nakasa da tsofaffi marasa ƙarfi, in ya amshi tallafin gaggawa za a datse masa kuɗinsa. Bayan guguwar Helene ta 2024 har aka riƙa yaɗa cewa dala 750 ɗin da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, ke bayarwa a lokacin don abinci da magani bashi ne. Ba bashi ba ne, kuma tsoron nan na hana mabukata neman haƙƙinsu.

Dokar Stafford ta 1988 ta faɗa ƙarara: agajin bala'in da shugaban ƙasa ya ayyana ba a lissafa shi cikin kuɗin shiga ko dukiya wajen duba cancantar mutum. Wannan ya haɗa da SSI da Medicaid, wato inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, da katin abinci na SNAP. Shi kuwa SSDI, wato kuɗin nakasa na waɗanda suka taɓa yin aiki, dama bai da iyakar dukiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne banki. Mai SSI ba a yarda dukiyarsa da ake lissafawa ta haura dala 2,000 ba, ma'aurata 3,000, kuma abin da ke asusu ranar ɗaya ga wata ake dubawa. In aka zuba kuɗin FEMA cikin asusun da sauran kuɗi ke shiga, ma'aikacin Social Security, hukumar da ke biyan SSI, jimilla kawai zai gani. Mai asusun ne zai nuna wanne ne na agaji. In ya kasa, sai wasiƙa ta zo cewa an biya shi fiye da ƙima, a fara zaftare kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa kowane wata. Don haka a adana takardar FEMA da bayanan banki, in da hali a buɗe wa kuɗin asusu daban. Wanda wasiƙar ta riga ta iso masa yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara, yana kuma iya roƙon a yafe.

Gudummawar dangi kuma hukuncinta daban. Kuɗin cefane da ɗan uwa ya turo kuɗin shiga ne a idon doka: a ɗauke kai daga dala 20 na farko, sauran a rage daga SSI. Dole ne a sanar da hukuma kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce.

Ni dai a ganina nan dokar ta yi tsauri. Iyakar dala 2,000 ɗin nan tun 1989 ba a ɗaga ta ba, alhali a New York da ƙyar za ta biya hayar wata guda. Mutumin da ruwa ya cinye masa gida bai kamata ya ji fargabar taimakon ƙanwarsa ba.