Dogon gudu ba ya kawo sauri a rugbi

A Damagaram, da an ce a shirya wa kakar wasa, sai matasa su kama hanyar Mirriya da asuba, gudun kilomita 10, wai neman sauri. Wannan juriya yake ƙarawa, sauri kuwa dabam ne.

Wasan rugbi, wanda ake gudu da ƙwallo a hannu, minti 80 ne, amma gudunsa gajere: ka fizga mita 10 zuwa 30, ka yi karo, ka tashi, ka sake. Jiki yana koyon haka ne da gudun iya ƙarfi, da hutun minti 2 ko 3 a tsakani. Mai horarwar da ya hana yaro hutun nan, gajiya kawai yake ɗora masa, abin yana ci mini rai. A zafin Afrilu kuma, don Allah a bar su su sha ruwa.