Waiwaye: yadda nas masu duba marasa lafiya a Amurka ke koyon aiki a hannun na gaba da su

A 1965, a Jami'ar Kolorado, wata nas mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka buɗe shirin farko na horar da nas waɗanda za su duba mara lafiya da kansu, su gano abin da ke damunsa, su tsara masa magani. Ford ta yi aikin lafiya a ƙauyukan jihar, ta ga yaran da ke tashi ba likita kusa da su. A shekarar ce kuma aka kafa Medicare da Medicaid, shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin jinyar tsofaffi da talakawa, sai suka cika asibitoci, likitoci suka yi kaɗan. A can ana kiran irin waɗannan nas nurse practitioner, NP a taƙaice.

Tun daga tushe, a bakin aiki ake koyon sana'ar. Ɗaliban farko wata 4 suka yi a jami'a, sauran wata 20 suna cikin al'umma suna duba yara. Doka daga baya ta biyo: jihar Aidaho ta amince da aikin a 1971, a 1997 aka yi dokar da ta sa Medicare ta riƙa biyansu kai tsaye ko'ina suke aiki, kashi 85 cikin 100 na abin da take biyan likita.

Yau sai da digiri na biyu ko na uku ake shiga sana'ar, amma ginshiƙin yana nan, wato mai horarwa a asibiti. Ɗaliba ce ke fara shiga ɗakin ita kaɗai. Ta ji tarihin ciwon, ta saurari ƙirji, ta duba kunne da maƙogwaro, sannan ta fito ta gabatar cikin minti biyu ko uku. Gwanin mai horarwa ba ya ba ta amsa. Sai ya ce, “To, me kike zato? Me kika gani da ya sa?” Daga nan su koma tare, ya sake gwada abin da ta gwada. A nan ake kama kuskuren da littafi ba ya kamawa, kamar ɗalibar da ta ga zazzaɓi da tari ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ta ƙirga numfashin yaron ba.

An daɗe ana neman awa 500 na irin wannan aiki kafin a kammala. Ƙa'idojin 2022 sun ɗaga zuwa 750, kuma hakan daidai ne. Sai dai wa zai koyar? Medicare na biyan asibitoci kuɗin horar da sababbin likitoci, mai horar da NP kuwa galibi kyauta yake yi, alhali ɗalibi na rage masa yawan marasa lafiyar da zai gani a yini. Makarantu sun yawaita, musamman na intanet, da yawansu kuma suna barin ɗalibi ya nemo mai horarwa da kansa. Wasu su biya kamfanonin dillanci, wasu su rasa zangon karatu. Wadda ta samu wuri a asibitin sha-yanzu-magani-yanzu tana iya cika awanninta ba ta taɓa bin mai ciwon suga wata uku a jere ba.

Ana ƙoƙarin toshe giɓin. A 2007 wata cibiyar lafiyar al'umma a Konetikat ta fara shekarar ƙarin horo bayan digiri, jihohi irin su Jojiya da Merilan da Hawayi kuma suna rage wa masu horarwa haraji. Amma ƙarin horon ba dole ba ne, kuma guraben ba su kai yawan masu kammalawa ba.