Haɗa Cikin Motar Hot Rod a Gida

Hot rod suna ne da Amurkawa suka laƙaba wa tsohuwar mota, galibi ƙirar Ford ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda aka rage mata nauyi aka kuma ƙara wa injinta ƙarfi domin gudu. Al'adar ta samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930, lokacin da samari ke kai motocinsu busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, suna gwada gudu a kan shimfiɗaɗɗen ƙeƙasasshen laka. Ta ƙara bazuwa bayan yaƙin, musamman da Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a 1948. Motocin da aka fi so su ne Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, da Model A da ta gaje ta, da kuma Ford ta 1932, wadda ta zo da inji mai silinda 8. Tun asali aikin garejin gida ne, kuma cikin motar, wato daɓe da kujera da dashbod da ƙofofi, yana daga cikin sassan da masu ita kan yi da hannunsu.

Cikin hot rod na farko babu ƙawa a cikinsa, domin duk abin da ba ya ƙara gudu nauyi ne kawai. Bayan 1945 kayan soja da suka yi saura sun cika kasuwa da araha, sai masu motoci suka riƙa sayen kujerun alminiyom na jiragen yaƙi da bel ɗinsu na ɗaure jiki suna ɗaurawa. Wanda ba shi da kuɗin ɗinki yakan shimfiɗa bargon Meziko mai ratsi-ratsi a kan tsohuwar kujera, abin da daga baya ya zama ado da kansa. A shekarun 1950 ɗinki ya samu daraja, har garin Tijuana da ke bakin iyakar Meziko ya yi suna wajen yi wa motocin Kalifoniya ɗinki cikin rahusa.

Babbar matsalar mai wannan aiki ita ce ƙarancin wuri. Bodin waɗannan motoci ƙarami ne tun daga masana'anta, sannan al'adar hot rod ta ƙara matse shi ta hanya biyu: ana yanke ginshiƙan rufi a sauko da shi ƙasa, ana kuma yanke daɓe a zura bodin a kan shasi domin motar ta yi ƙasa-ƙasa. Duk inci ɗaya da aka rage daga waje, direba ne ke biyansa da kansa ko da gwiwarsa. Saboda haka gogaggun masu aikin ba sa taɓa yadi sai sun tsayar da mazaunin direba. Akan ɗora akwati ko guntayen katako a kan daɓe, mai motar ya zauna, ya riƙe sitiyari, ya taka birki da kuloci da totur, ya canza giya, ya leƙa ta gilashin gaba, a yi ta ƙara katako ana ragewa har zama ya yi daidai. A wannan gwajin ne ake gano ko gwiwa na dukan sitiyari duk lokacin da ƙafa ta tashi daga totur zuwa birki, aibin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi bayan an gama ɗinki. Wannan mataki ya cancanci kwanaki, kuma shi ne wanda masu zumuɗi suka fi tsallakewa.

Kafin nan dole daɓen ya zama lafiyayye. Ana yanke inda tsatsa ta ci a yi waldar sabon ƙarfe, a kuma duba katakon da ke cikin ƙirar bodin, domin motocin wancan zamani suna da katako a sassa da dama, kuma a jikinsa ake buga ƙusoshin yadi. Rufin motocin Ford masu rufi ma yana da fili a tsakiya wanda aka rufe da yadi mai hana ruwa, sai a 1937 ya zama ƙarfe gaba ɗaya. Ana toshe kowace kafa a daɓe da bangon da ya raba inji da direba, a manna abin tare zafi da ƙara, domin hayaƙin salansa da ke shigowa ta ƙasa yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba ta da wari. A Model A tankin mai yana gaban direba, daf da dashbod, shi ya sa da yawa suke mayar da shi baya.

Wayoyin lantarki suna zuwa ne kafin a rufe bango. Ford ta yi amfani da batir mai bolt 6 har zuwa 1955, ta koma 12 a 1956, kuma yawancin masu hot rod a yau suna sake wayoyin gaba ɗaya a kan 12, da akwatin fiyus a inda hannu zai kai. A dashbod, mitocin kamfanin Stewart-Warner su ne aka fi dangantawa da salon da, sau da yawa a jere a kan farantin ƙarfe da aka yi wa zanen da'irori masu hawa kan juna. Sitiyarin Ford na 1940 shi ma ya shahara. Bel kuwa ba ya cikin waɗannan motoci tun asali, don haka ana ƙulla shi da manyan notuna a kan ƙarfen da aka ƙarfafa, domin siririn daɓe yana iya yagewa a lokacin karo.

Ɗinki shi ne na ƙarshe, kuma shi ido ke gani. Kayan da aka fi amfani da shi shi ne ledar Naugahyde, wadda ta samo sunanta daga garin Naugatuck na jihar Konetikat, ko kuma fata ga mai hali. Salon da ya fi shahara shi ne wanda ake kira tuck-and-roll: ledar tana fitowa a kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, kowace kunya mai faɗin inci biyu ko kusa da haka. A asalin salon ana ninka ledar a ɗinke ta daga ciki yadda zare ba zai bayyana ba, sannan a cusa auduga cikin kowace kunya ɗaya bayan ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗinka ledar a kan siririn soso daga sama, zare yana a fili, kuma idon masani yana bambanta su nan take. Keken ɗinkin tufafi ba ya jure wannan kauri. Ana bukatar keken masana'anta mai ƙafar da ke jan yadi sama da ƙasa lokaci guda.

Bangon ƙofa ana fara yanka shi ne a kwali, a gwada a jikin ƙofar, a huda wurin mariƙi da na hannun gilashi, sannan a kwafe shi a kan siririn katako ko roba mai tauri. Kowace ƙofa da nata kwalin, domin a motar da ta haura shekara 90 da wuya ƙofar dama ta yi daidai da ta hagu. Ana soma jan layukan kunya da alli daga tsakiyar kujera zuwa gefe, a bar ledar ta sha rana ta yi laushi, a ja ta daga tsakiya a kama da zobban ƙarfe a jikin firam, kusurwoyi su zo daga baya.